Kafin a sake aza harsashin wani gini a Mubi, a sayi abin gwajin jini

A ɗakunan binciken kimiyya na Amurka da Turai akwai wasu 'yan kwalabe da ake ajiyewa cikin firji, tsayinsu bai kai ɗan yatsa ba, a jikinsu an rubuta lambobi irin su 596 ko 570 ko 217. Ruwan da ke ciki bai cika cokalin shayi ba, kuma aikinsa guda ne tak: ya nemo wani furotin mai suna CFTR daga cikin dubban furotin da ke jikin ɗan Adam, ya manne masa, don mai bincike ya iya ganinsa. Lalacewar wannan furotin ce ke haddasa cutar sistik faibirosis, wadda akasarin mutanen Mubi ba su taɓa jin sunanta ba, domin an fi saninta a tsakanin Turawa. Duk da haka labarin waɗannan kwalabe ya shafe mu kai tsaye. A ƙasar nan, kuɗin lafiya da na jami'o'i sun fi tafiya ga bulo da fenti da manyan injinan da ake yanke zare a gabansu, alhali abin da ke raba asibitin da ya san ciwon yaro da wanda ke lalube shi ne ƙaramin abin gwaji, wanda aka tabbatar da ingancinsa kuma ba ya yankewa. A nan nake ganin ya kamata Mubi ta sa kuɗinta.

Furotin CFTR ƙofa ce a jikin tantanin da ya lulluɓe hanyoyin numfashi da hanji da magudanan gumi. Ta nan sinadarin kulorayid, wanda shi ne rabin gishirin da muke ci, yake wucewa, ruwa ya biyo bayansa, majina ta zama mai laushi yadda jiki zai iya turo ta waje. In ƙofar ta lalace, majinar sai ta yi kauri ta toshe huhu, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ta kuma toshe magudanar sinadaran narkar da abinci, yaro ya yi ta ci ba ya ƙiba, kashinsa mai maiƙo da wari, guminsa kuma gishiri zalla. Wata likita a New York, Dorothy Andersen, ita ce ta fayyace cutar a 1938, kuma a wancan zamani da wuya yaro mai ita ya kai shekarun shiga firamare. A 1989 ne Lap-Chee Tsui da John Riordan a Toronto, tare da Francis Collins a Michigan, suka gano ƙwayar gadon da ke ɗauke da ita a kan kuromosom na 7, suka kuma lissafa cewa furotin ɗin sarƙa ce mai 'ya'ya 1,480.

Gano ƙwayar gado bai warkar da kowa ba. An san cewa mafi yawan marasa lafiyar sun rasa ɗa guda daga cikin 'ya'yan sarƙar nan, wanda ke matsayi na 508, amma ba a san abin da rashinsa ke jawowa ba: ko ba a ƙera ƙofar ba ne sam, ko an ƙera ta ta ƙi buɗewa? Ba mai iya amsa wannan sai ya ga furotin ɗin da idonsa, kuma a nan antibodi ya shigo. Antibodi shi ne makamin da garkuwar jiki ke ƙerawa don ya kama baƙon abu guda ɗaya. Tun 1975 Georges Köhler da César Milstein suka gano a Cambridge yadda za a riƙa samar da iri ɗaya tak nasa a ɗakin bincike ba iyaka, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1984. Mai bincike yakan niƙa tantani, ya sa wutar lantarki ta jera furotin ɗinsa gwargwadon nauyi a kan wani faifai, sannan ya zuba antibodi. Inda CFTR yake sai wani baƙin layi ya bayyana. A tantanin mai lafiya ana ganin layi mai kauri a sama, wanda suke kira C, alamar furotin ya nuna ya isa wurin aikinsa, da wani siriri a ƙasa, B, na wanda bai gama nuna ba. A 1990 aka ga cewa a tantani mai matsalar 508 layin ƙasan ne kawai ke fitowa. Ashe ana ƙera ƙofar, sai dai takan lanƙwashe ba daidai ba, tantanin ya riƙe ta a ciki ya rushe ta kafin ta kai bango. Daga wannan layi guda da ya ƙi bayyana aka san irin maganin da za a nema, wato wanda zai taimaki furotin ya naɗu daidai ya fita. Irin wannan magani, Trikafta, ya samu amincewar hukuma a Amurka a 2019, kuma yau ana sa ran jaririn da aka haifa da cutar a can zai wuce shekara 50.

Ba a nan darasin ya tsaya ba, domin ba kowace kwalba ce ke faɗin gaskiya ba. CFTR kaɗan ne ƙwarai a jikin tantani, kuma antibodin da ba shi da kyau yakan manne wa wani furotin daban, ya fitar da layi a wurin da ake sa ran gani, mai bincike ya buga sakamako a mujalla alhali ba abin da ya gani. Matsalar ta game fannin gaba ɗaya. A 2015 Andrew Bradbury da Andreas Plückthun suka rubuta a mujallar Nature cewa Amurka kaɗai tana asarar kimanin dala miliyan 350 duk shekara kan antibodin da ba ya aikin da aka saye shi dominsa. A 2023 wata ƙungiya mai suna YCharOS, da ke aiki a Montreal, ta gwada antibodi 614 na kasuwa da aka yi don furotin 65, ta tarar sama da rabinsu sun gaza a aƙalla ɗaya daga cikin ayyukan da aka gwada su. Abin da iyayen yara masu sistik faibirosis suka yi shi ya fi jan hankalina. Gidauniyar da suka kafa tun 1955 ba ta bar wa 'yan kasuwa wannan lamari ba. Ta ɗauki nauyin wani shiri a Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, inda ake ajiye antibodin da aka san halinsu, masu lambobin nan, ana aika wa masu bincike a ko'ina. Sakamakon haka, layin da aka gani a wannan ɗakin bincike shi ne wanda za a gani a wancan.

Mutumin Mubi yana amfani da antibodi kusan kullum ko da bai san sunansa ba. Ɗan tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake ɗiga wa jini a shagon magani, da na gwajin ciki, da na ciwon hanta nau'in B, duk antibodi ne aka shafa a jikin takarda. Kuma makantar da ke kama na ɗakin bincike tana kama su. Galibin tsinken maleriya suna neman wani furotin ne na ƙwayar cutar mai suna HRP2. A Peru aka fara ba da rahoto a 2010 cewa akwai ƙwayoyin da suka daina yin wannan furotin, a Eritiriya kuwa abin ya yi ƙamari har a 2016 ƙasar ta sauya irin tsinken da take amfani da shi, domin mutane na zuwa da zazzaɓi mai zafi tsinke yana cewa ba komai. An gano hakan ne saboda akwai waɗanda suka riƙa duba jinin da madubin likita suna kwatantawa da abin da tsinken ya nuna.

Cutar gado da ta tsaya mana a matsayin da sistik faibirosis ta tsaya wa Turawa ita ce sikila, amosanin jini. Hanyar gadonsu ɗaya: uwa da uba kowanne yana ɗauke da rabi cikin ƙoshin lafiya, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. Nan ma ɗa guda ne na sarƙar furotin ya canja, a matsayi na 6 na himogulobin. Bambancin yana wurin yawa. A tsakanin Turawan arewacin Turai ana haifar mai sistik faibirosis ɗaya cikin jarirai kusan 2,500 zuwa 3,500. A Najeriya ana ƙiyasta jarirai 150,000 masu sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018, wanda shi kansa da tsinken antibodi mai suna Sickle SCAN aka yi shi, ya samu kashi 20 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 masu AS, wato masu ɗauke da rabi, sama da kashi 1 kuma masu cutar kanta. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Garki, cikin jihar Jigawa ta yau, a shekarun 1970, ya nuna abin da ke faruwa in ba a gano su da wuri ba: kusan jarirai 2 cikin 100 suna da SS, amma a tsakanin yaran da suka haura shekara 9 da ƙyar ake samun ko ɗaya. Sauran sun rasu.

Gwamnatin tarayya ta taɓa gwada hanyar manyan injina. Wajajen 2011 da 2012 ta kafa cibiyoyin sikila shida, ɗaya a kowace shiyya, ta Arewa maso Gabas tana Gombe, ta saka musu na'urorin tantance jinin jarirai masu tsada. Jariran da aka gwada a shekarun da suka biyo baya ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da waɗanda ake haifa, saboda na'urar tana son wuta da sinadaran da ake shigowa da su da ƙwararren mai sarrafa ta, sannan tana can nesa da inda mata ke haihuwa. Sai a kwatanta da abin da Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta suka yi a Gwagwalada daga 2017 zuwa 2019. Sun kai tsinken HemoTypeSC dakunan allurar rigakafi na ƙananan asibitoci, inda dama iyaye mata ke taruwa, suka gwada jarirai 3,603, suka samu 51 masu SS. Ma'aikaciyar lafiya takan ɗan tsikari diddigen jariri, ta tsotsi jini kaɗan da wani soso, ta kaɗa shi cikin 'yan ɗigon ruwa, ta tsoma tsinken, bayan minti 10 ta karanta. Ba firji, ba lantarki, kuɗinsa a lokacin kusan dala 2. Yana kuma aiki a jinin sabon haihuwa, wanda gwajin jinotaif na yau da kullum ke ruɗewa a kansa saboda jinin jariri cike yake da himogulobin na cikin mahaifa har ya kai wata shida. Sai dai akwai wani tarko da ya kamata duk mai shirin sayo shi ya sani: a wannan tsinken, layin da ya ɓace shi ne ke nuna irin jinin da yaro ke da shi, saɓanin tsinken maleriya inda fitowar layi ce alamar cuta. Ma'aikacin da ya saba da na maleriya, aka miƙa masa wannan ba tare da horo ba, zai iya ce wa uwar mai AA ɗanta SC ne, wato wani nau'in sikila.

Mubi ta dace da irin wannan aiki fiye da garuruwa da yawa. Marasa lafiya na zuwa mata daga Maiha da Hong da Michika da Madagali da Uba, har da ƙetaren iyakar Kamaru, kamar yadda fatake ke zuwa kasuwar shanunta, kuma Yola, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama yake, tafiyar sa'o'i ce. Ga Babban Asibitin Mubi, ga dakunan rigakafi a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ga Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Abin da nake ba da shawara shi ne a gwada kowane jariri a ranar allurarsa ta farko, a rubuta sakamakon a katin rigakafinsa, a sake tabbatar da duk wanda ya nuna SS ko SC da wata hanya ta daban, sannan a ɗora wa jami'ar aikin sa ido: duk lokacin da sabon kwalin tsinke ya iso, a gwada wasu daga ciki da jinin da aka riga aka san AA ne ko AS ko SS, a duba abin da zafin watan Afrilu ke yi wa kwalin da ya kwana a sito, a riƙa zagaya ɗakunan gwaji na gwamnati da na 'yan kasuwa da samfurin da ba su san amsarsa ba. Ɗalibin kimiyya zai fi ƙaruwa da wannan a kan aikin kammala digiri da aka kwafo daga intanet.

Za a ce garin da Boko Haram ta mamaye a ƙarshen Oktoban 2014, wanda har yanzu yankinsa ke fama da raunin wancan lokaci da tamowa da maleriya da gudawa, ba shi da sararin neman cutar gado. Wannan magana tana da nauyi, amma ta ɗauka cewa sikila daban take da waɗancan, alhali yaron da ke da ita shi ne maleriya da ciwon huhu suka fi saurin kashewa. Abin da ake yi masa bayan an gano shi kuwa ba mai tsada ba ne. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 1986 ya nuna shan fenisilin kullum ya rage mummunan kamuwa da ƙwayar nimoniya da kashi 84 cikin 100 a ƙananan yara masu sikila. A ƙara da cikakkiyar allurar rigakafi, da gidan sauro, da maganin kariya daga maleriya, da koya wa uwa ta riƙa taɓa cikin yaro ta gane kumburin saifa, ta kuma san cewa zazzaɓinsa ba na jira sai gobe ba ne. A Kano, binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin birnin, tare da Jami'ar Vanderbilt, ya nuna maganin haidiroksiyuriya ko da a ƙaramin awo yana kare yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai isa ga yaron da ba a san yana da cutar ba.

Wani zai ce tsinken HemoTypeSC daga Amurka ake kawo shi, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a kan dala a 2024, duk abin da ake saye da dala ya zama tarko. Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu cewa gobe za a fara ƙera antibodi a Mubi. Wannan aiki ne da ke son wutar da ba ta ɗaukewa da shekaru na horo, kuma in za a yi shi a Najeriya, a matakin ƙasa za a yi. Amma wanda ba ya ƙera kaya shi ya fi kowa buƙatar iya tantance su, domin shi ake turo wa wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa da wanda rana ta dafa a kan hanya da jabu.

Ƙorafi mafi ƙarfi a wurina shi ne na tsangwama. Takardar da ta ce yarinya SS ce, ko ma AS, tana iya bin ta har ranar neman aurenta, kuma a unguwar da kowa ya san kowa sirri ba ya daɗewa. Wannan dalili ne na a tsare sakamakon tsakanin iyaye da ma'aikacin lafiya, a kuma yi bayani da harshen da uwa ta fi ji, Fulatanci ne ko Fali ko Gude ko Margi ko Hausa, cewa AS ba cuta ba ce. Amma gwajin ya riga ya shigo rayuwarmu ta ƙofar aure. Majami'u da masallatai da yawa suna neman takardar kafin ɗaurin aure, jihar Kano ma ta mayar da shi doka a 2024. Tunda har ana fasa aure ko a ɗaura shi a kan takardar ɗakin gwaji, kuskure guda ko dai ya raba mutum biyu a banza, ko ya haɗa AS da AS suna zaton sun tsira. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ma sakamakonsa na iya fitowa ba daidai ba, kuma ba kowane mai ɗaukar jini ne ke tambaya ba.

Ita kanta sistik faibirosis bai kamata a ce babu ita a nan ba don kawai ba a rubuta ta a rajista ba. An san sauye-sauye sama da 2,000 a ƙwayar gadon CFTR, kuma jerin da ake gwadawa a ƙasashen Yamma an gina shi ne a kan waɗanda suka fi yawa a jinin Turawa. A Afirka ta Kudu, da aka duba baƙaƙen fata masu cutar, wani sauyi daban mai suna 3120+1G>A ne ya fi fitowa. Yaro mai tari ba ƙaƙƙautawa da rama da gudawa, a wurinmu tarin fuka ko tamowa za a fara zato, kuma sau da yawa daidai ne. Amma inda auren zumunci ya yawaita, cututtukan gado da ba a saba gani ba sukan ɓullo. Ba na kiran a sayo Trikafta, wanda kuɗinsa a Amurka ya haura dala 300,000 a shekara. Gwajin gumi da aka tsara tun 1959, wanda ke auna kulorayid a gumin yaro ba tare da la'akari da irin sauyin da ya gada ba, ya isa a same shi a wuri guda a Yola, don likitan Mubi ya san inda zai tura yaron da ya sha maganin tarin fuka wata shida bai samu sauƙi ba. Ko ba sabon magani, ƙwayoyin taimaka wa narkar da abinci da ƙarin gishiri lokacin zafi da bubbuga ƙirji don fitar da majina suna ƙara wa irin wannan yaro shekaru.

Saura batun inda kuɗin zai fito. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma wani kaso nasa yana isa ƙananan asibitoci kai tsaye. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kuma tana da kason bincike ban da na gine-gine. Abin da ake buƙata daga Majalisar Dokokin Adamawa da shugabannin ƙananan hukumomin Mubi biyu shi ne layi na musamman a kasafin kuɗi don sayen tsinke da fenisilin duk shekara, ba gudummawar lokaci guda da za a ɗauki hoto a watse ba, tare da sharaɗin cewa ba za a biya ɗan kwangila ba sai an gwada samfur daga kwalin da ya kawo, an kuma duba cewa wa'adin kayan ya rage aƙalla shekara guda.